Wane filafili ya dace da kayak: na gargajiya ko na zamani?

Tambaya: Na sayi ƙaramin kwalekwalen roba mai faɗi, irin wanda ake kira kayak, ina so in riƙa shiga madatsar ruwa ta Dadin Kowa da shi. Na ga filafili iri biyu, wani siriri na katako, wani kuma mai faɗin baki na roba. Wanne zan saya? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Malam, da farko ka sani cewa filafilin kayak baki biyu gare shi, ba kamar na masuntanmu na kogin Gongola ba, wanda ake tuƙi da shi ta gefe ɗaya. Siririn da ka gani na mutanen Inuwit ne na tsibirin Girinland, waɗanda suka daɗe suna farauta a teku da kayak. Faɗin bakinsa bai cika wuce santimita 9 ba, domin ana sassaƙa shi ne yadda hannu zai iya kama bakin kansa. Saboda sirantarsa, ba ya ɗibar ruwa da yawa a kowane bugu, don haka kafaɗa ba ta saurin gajiya a doguwar tafiya, kuma iska ba ta samun inda za ta kama shi. Duk wanda ya taɓa kasancewa a tsakiyar dam da iskar hunturu tana kaɗawa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsa shi ne ruwa yana gangarowa ya jiƙa hannu da cinya, sannan a bakin gaɓa, inda ruwa bai kai gwiwa ba, rabin bakin ne kawai ke nutsewa, sai ka yi ta bugu jirgin bai motsa ba.

Na zamani kuwa bakinsa gajere ne mai faɗi, kuma tsawonsa yakan kama daga santimita 210 zuwa 240. Yana cafkar ruwa nan take, shi ya sa ya fi ƙarfin tura jirgi mai faɗi da nauyi. Akan ɗan karkata bakunansa biyu don rage bugun iska, amma hakan yana sa wuyan hannu murɗawa, saboda haka in ka samu mai rabuwa biyu, ka daidaita bakunan su miƙe har sai ka saba.

A ganina, tunda jirginka mai faɗi ne kuma kai sabon shiga ne, fara da na zamani, ka zaɓi mai ɗan tsawo don kada yatsunka su riƙa bugun gefen jirgi. Idan daga baya ka fara tafiya mai nisa kafaɗa ta fara ƙorafi, kafinta zai iya sassaƙa maka na gargajiya. A auna shi da tsayinka: ka ɗaga hannu sama, yatsunka su lanƙwasa a kan ƙarshensa. Sai dai kada a yi maka da maɗaci, nauyinsa zai ɓata amfanin. A nemi katako mara nauyi, a shafe shi da mai.