Tambayi Likita: Ƙunar Miya, Yankan Wuƙa da Yaji a Ido

Likita, garin ɗanɗana gishirin miya na ƙone harshe. Akwai magani? (Wata amarya, Birni)

Amarya, ki riƙa kurɓar ruwan sanyi, ki rage yaji. Cikin ƴan kwanaki zai warke da kansa.

Ina kaɗa miyar kuka, ɗana mai rarrafe ya jawo tukunyar ta zube masa a cinya. Surukata ta shafa masa man goge baki da ɗanyen ƙwai. Yanzu wurin ya yi bororo. (Wata uwa, Garin Malam)

Allah Ya ba shi lafiya. Ƴar'uwa, ki ɗauki yaron nan ki kai shi asibiti yau, kada a bari sai gobe.

Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Man goge baki, ƙwai, toka, gishiri, baƙin mai, har kashin shanu, duk ana kawo mana yara da su a kan ƙuna. Ba ɗaya da ke warkarwa. Fatar da ta ƙone ta rasa kariyarta, abin da aka shafa kuwa ƙwayoyin cuta yake kai mata. Mu kuma sai mun kankare shi kafin mu ga zurfin ciwon, yaro na ta tsala kuka. Na san Inna da kyakkyawar niyya ta yi, amma a gaya mata cikin ladabi kada ta ƙara.

Miyar kuka da ta kuɓewa suna da yauƙi, suna manne wa jiki su ci gaba da ƙonawa, ga fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba. Maganin farko ruwa ne, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa har minti 20. Na san halin ruwa a Damagaram, famfo ba kullum yake kawowa ba. Ki ɗebo na randa da buta, ki riƙa tsiyayawa a hankali kan wurin kaɗai, sauran jikin a rufe kada sanyi ya kama shi. A cire riga ko wando, sai dai in ya manne da fata, to a bar shi. Kada a fasa bororon. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kama hanya.

Ko babba ne, in ƙunar ta kai faɗin tafin hannunsa, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, asibiti za a nufa. Yaro ƙarami kuwa ba a jira. Ki fara da likitar unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibitin Zinder. In jikinsa ya yi zafi, ko wurin ya fara wari ko mugunya, ki koma ko da tsakar dare ne. Murhunmu a ƙasa yake, don haka mai rarrafe a goya shi ko a ba wani ya riƙe har a sauke.

Wuƙa ta yanke ni ina yanka albasa, na tura toka. (Daga Zango)

Toka kuma! Wanke ta da ruwa da sabulu, ki danne da ƙyalle mai tsabta minti 10. In jinin bai tsaya ba, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, ki je a duba. Ki tambayi allurar tetanos, wato rigakafin ciwon da ke sandarar da jiki, in kin daɗe ba ki yi ba.

Na daka barkono, na manta na sosa ido. (Daga Sabon Gari)

Ki wanke hannu da sabulu tukuna, sannan ki yi ta zuba wa idon ruwa mai tsabta minti 15. Kada ki murza, kada a ɗiga nono. In gani ya dushe ko zafin ya kwana, ki je asibiti.