Akwatin takardun Yaya: amsa ga ƙanina na Kano

Ƙanina, ina fatan ka sauka lafiya, ka tarar da iyali lafiya. Allah ya ba da ladan zumunci. Har yau mutanen unguwarmu ta Aboabo, a nan Kumasi ta ƙasar Gana, suna zancen ɗan Baffa da ya taso tun daga Kano don addu'ar arba'in ɗin Yaya.

Tambayar da ka yi mini a zaure daren da za ka tafi ban amsa ba, gida cike yake, zuciyata kuma ba ta zauna ba. Ka ce ya aka yi ga malami zaune da alƙalaminsa zai raba gado, amma sai da aka jira lauya? Me ya sa kuma aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado aka baje tsofaffin takardu a tabarma kamar kayan lefe? Na ga fuskarka. Ka ɗauka mun fara jin nauyin hukuncin Allah ne. Wallahi ba haka ba ne, amma sai na koma da kai baya kafin ka gane.

Kakanmu fataucin goro ya kawo shi ta hanyar Gwanja. Ya auri kakata, haifaffiyar Salaga, wadda iyayenta suna cikin waɗanda yaƙin basasar garin na 1892 ya tarwatsa. Ita ta haifi babana. Da ya yi ƙarfi a Kumasi sai aka kawo masa amarya daga Kano, ita ta haifi babanka. Uba ɗaya, gida ɗaya, akushi ɗaya, dukansu a Kumasi aka binne cibiyarsu. Babu wanda ya taɓa tunanin akwai bambanci tsakaninsu sai ranar 18 ga Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako 2 ya bar Gana. A lokacin haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta sa ka zama ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga cikin iyayenka ko kakanninka ma a nan aka haife shi. Babana yana da uwa 'yar Salaga, dattawan can suka yi masa takardar rantsuwa, ya zauna. Babanka uwa da uba duk haihuwar Kano ne, sai ya zama baƙo a garin da bai san wani ba.

Shekarata 11. Ina tuna manyan motoci a tasha, an ɗaure tabarmi da kwanuka a saman kaya, mata suna kuka suna yafe wa juna. Yarabawa sun fi kowa yawa a cikin 'yan Najeriya masu tafiya, amma zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi na nan, shi ma ya yi giɓin da bai cike ba. Mutum ya sayar da gidan da ya yi shekara 20 yana ginawa a kuɗin da bai kai na ƙofofinsa ba. Baffa ya ƙi sayar da keken ɗinkinsa, ya lulluɓe shi da zane ya ce wa Baba a ajiye masa, wata biyu zai dawo. Ka san bai dawo ba. Da Shagari ya kori baƙi a 1983, 'yan Gana suka kwaso kaya a jakar nan da kuke kira Gana-mas-go, wasu a nan suka ce an rama. Ni ban ga ramuwa ba. Talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba ne ya sha rana a kan iyaka, sau biyu.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar Baba bai sake yar da takarda ba: rasit ɗin haraji, katin awon jarirai, takardar fili, har shaidar gama firamare ta wanda ya rasu. Yaya ya gaji akwatin, yanzu ya zo hannuna.

Kai a Kano, in ka ce kai ɗan unguwa kaza ne, jikan wane, magana ta ƙare, mai unguwa ya san ka. Mu nan doka ba ta tambayar harshenka, kakanninka take bi. Tsarin mulkin 1992 ya ce yaron da aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. A rubuce babu zalunci a ciki. Wahalar tana wajen wanda ke zaune bayan tebur. Ɗiyata ta uku ta je wani ofishi neman wata takarda, ma'aikacin ya ga sunanta ya ga mayafinta, ya ce ina ne garinku? Ta ce Kumasi. Ya ce a'a, garinku na asali, zango ai masauki ne. Yarinyar da take jin harshen Tuwi kamar 'yar Tonawa, wato Asante masu garin, ta dawo gida idonta ya yi ja. Washegari na raka ta da takardar rantsuwar nan ta Baba, wadda ta yi laushi har sai da muka manne ta a kan kwali, sannan aka sa hannu. Ba kowane ma'aikaci ne haka ba, na sha haɗuwa da masu mutunci. Amma wadda ta zo bayanta mai sunan Tonawa ba a tambaye ta kakanta ba.

Yanzu kuwa katin ɗan ƙasa ya shiga komai. Ba ka riƙe layin waya sai da shi, banki ba ya sauraronka sai da shi. A 2020 kotun ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta isa shaidar zama ɗan ƙasa ba. Ka ga ke nan dalilin da tsohuwa mai koko da ƙosai a bakin masallaci take ƙulle katinta a leda, ta cusa a lalitarta tare da cinikin ranar.

To, ga maganar gado. Nan ba mu da kotun shari'a, ba mu da alƙali irin naku. Akwai dokar gado ta 1985, ta zamanin Rawlings, kowa a nan da lambarta yake kiranta, 111. Duk wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba ita ke hawa kan dukiyarsa, Musulmi ne ko Kirista ko mai bin gargajiya. Kayan ɗaki da gida, in guda ɗaya ne, na mata da 'ya'ya ne. Abin da ya rage a kasa shi 16: mata su ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 a bi al'ada. Mace da namiji daidai. Ɗan da aka haifa ba a cikin aure ba, shi ma ɗa ne a wurinta. Kai da ka yi karatun Risala ka san inda wannan ya saɓa da tumunin mata da rabon namiji biyu na mace.

Ba don mu aka yi ta ba. A al'adar Tonawa gado ta wajen uwa yake bi, ɗan 'yar'uwar mamaci ne magaji. Sai mace ta yi shekara 30 tana noman koko da mijinta, ranar da ya mutu dangi su zo su fitar da ita da 'ya'yanta. Wannan aka so a tsayar, har aka mai da korar matar mamaci ko ɗansa daga gida kafin rabo laifi. Ni na yaba da wannan ɓangaren, don na ga ya ceci wata baiwar Allah a layinmu da ƙannen mijinta, Musulmi masu sallah a sahun gaba, suka so su sayar da gida tana cikin takaba. Inda nake da ƙorafi shi ne da ba a bar wa Musulmi ƙofarsu a cikin dokar ba, alhali Allah ya riga ya ba mata da 'ya'ya rabonsu.

Ga yadda muke yi. Yawancin gidaje malami ne ke rabawa, kowa ya karɓa ya yi addu'a, hukuma ba ta shiga tunda babu mai ƙara. Amma ranar da mutum ɗaya ya ƙi yarda ya tafi kotu, lissafin malam ya rushe. Shi ya sa Yaya, Allah ya jiƙansa, ya je wurin lauya tun yana da lafiya, ya rubuta wasiyya gaban shaidu 2 cewa a raba abin da ya bari bisa shari'ar Musulunci. Lauyan da ka gani katanga ya zo yi wa rabon malam. Banki ma ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu, ko limamin Juma'a ne ya je da kansa.

Aure ma haka. Akwai tsohuwar doka tun 1907 da ta ce a yi rajistar auren Musulmi cikin mako 1, ango da waliyyi da shaidu 2 da limami mai lasisi. Kaɗan ne suke yi. A ɗaura aure, a raba goro, a watse. Sai miji ya faɗi, ko ana neman biza, a shiga neman wanda ya halarci ɗaurin auren da ya rage da rai. 'Ya'yana mata babu wadda ta tare ban ga takardarta ba.

Kada ka ɗauka a takure muke. Tun shekarun 1990 ƙaramar sallah da babba ranakun hutu ne na ƙasa baki ɗaya. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, shugabannin ƙasa har gida suke zuwa gaishe shi. Sarkin zango yana kai gaisuwa Manhyia, fadar Sarkin Asante, ana karɓarsa da girma. Nan ne gidanmu, kaburburanmu suna nan.

Sai maganar da ka yi ta sayen fili da buɗe shago kusa da mu. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba biza, amma a idon doka baƙo ne kai. Fili ba ka wuce hayar shekara 50, ƙasar Kumasi kuwa dama ta kujerar sarautar Asante ce, mu ma haya muke riƙe da ita. Ƙaramin ciniki a kasuwa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe shi ga 'yan ƙasa, an sha kulle shagunan 'yan Najeriya a kan haka. In kana so da gaske, ka bari mu zauna da lauyan nan tukuna, kada ka sa kuɗinka da sunan wani.

A ƙasan akwatin na tarar da rasit ɗin harajin babanka na 1968 da hotonsa a bakin shago, tef a wuya. Zan ba mai goron da ke zuwa Kano ƙarshen wata ya kawo maka. Keken ma yana nan a ɗakin Inna, ƙafar ce kawai ta yi tsatsa. Ka tambayi Hajiya ko tana so a aiko da shi. A gaida ta, a gaida yara.