Wa ya kashe kwantenar, alhali injin yana da wuri?

Ƙanena, amsar da na ba ka jiya a bakin ƙofa muna saurin kama magariba ba ta ƙosar da kai ba, na gani a fuskarka. Cewa ka yi: “Oga, injin nan memorinsa giga 16 ne. Na shiga cikin kwantenar na buga umarnin free mai nuna lissafin memori, ya nuna fiye da rabi ba kowa a kai, amma duk bayan kwana biyu ko uku sai ta faɗi da lamba 137. Wannan ba laifin kanel ba ne? Me zai hana mu rubuta faci, in akwai sarari ya ara mata maimakon ya kashe ta?” Kwantena dai kamar akwati ce da ake killace manhaja a cikinta a kan injin, kanel shi ne zuciyar Linux mai raba wa manhajoji memori, faci kuma gyaran da ake yi wa kod ɗinsa. Da na isa gida Unguwar Rimi na shiga injin daga can na duba. Na ga ɓarawon, amma sai na bi da kai ta hanyar da na bi, don gobe ka kama shi da kanka.

Lambar ba ta da wuya. 137 shi ne 128 a tara da 9, tara kuwa ita ce alamar SIGKILL, wadda ba a yi mata gardama. Wato kwantenar ba faɗuwa ta yi don kanta ba, yanka ta aka yi. In ka buga dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, a kan injin za ka ga layin da ya fara da Memory cgroup out of memory. Kalmar cgroup ɗin nan ita ce ka tsallake.

Kanel ɗin Linux bai san wani abu wai shi kwantena ba. Ka bincike kod ɗinsa kaf, ba za ka sami tsari ɗaya mai wannan suna da ke riƙe da komai ba. Abin da Docker, manhajar da ke haɗa kwantena, yake yi tun fitowarsa a 2013 haɗa abubuwa biyu ne da ya tarar a ƙasa. Na farko labule: a sakaya wa furoses, wato manhajar da ke cikin gudana, don kada ya ga furoses ɗin maƙwabta, ko fayilolinsu, ko layin intanet ɗinsu. Na biyu littafin lissafi: wane ya ci nawa, iyakarsa nawa. Ka tuna gidan hayar da ka zauna a Tudun Wada lokacin kana Poli. Ƙofa da kwaɗo abu ne daban, mitar wuta mai kati ta kowane ɗaki abu ne daban. In kuɗin mitarka ya ƙare za ka zauna a duhu ko da taransifomar unguwa tana ta gurnani. Shi free da ka buga, taransifomar ya leƙa. Yana karanta /proc/meminfo ne, wannan fayil kuwa ba a saka masa labule ba, lissafin injin gaba ɗaya yake bayarwa ko daga ina ka tambaye shi. Ba kai kaɗai ya taɓa ruɗawa ba. Java ta yi shekaru tana duba girman injin ta ɗebi rabonta a kan haka, ana yanka ta a cikin kwantena, sai a fitowa ta 10 aka koya mata duba mitar, aka kuma mayar da gyaran baya zuwa 8u191.

Littafin lissafin nan shi ne cgroup, ni rukuni nake ce masa. Injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara shi a 2006. Abin dariya, sunan da suka fara ba shi yana da kalmar kwantena a ciki, aka cire ta saboda kowa da abin da yake nufi da ita. Ya shiga kanel 2.6.24 a farkon 2008, ɓangaren lissafin memori ya biyo baya a 2.6.25.

To ya ake lissafin? Kanel yana yanka memori shafi-shafi, a irin injinanmu kowane shafi bayit 4096. Iyakar mega 512 da aka sa wa kwantenarka shafi 131072 ke nan. Duk lokacin da furoses ya taɓa sabon shafi, kafin a miƙa masa sai an rubuta shi a sunan rukuninsa. In lissafi bai kai iyaka ba, shi ke nan. In ya kai, kanel ba ya fara da wuƙa. Sai ya shiga ɗakin wannan rukunin, shi kaɗai, ya nemi abin da zai ƙwato. Nan ne gizo yake saƙa, don shafuka ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu gida: kwafin fayil da aka karanto daga faifai aka ajiye a kusa don sauri. Waɗannan ana iya zubar da su, in an sake buƙata a koma faifai a ɗauko. In an yi musu rubutu, a fara mayar da rubutun gida tukuna. Akwai kuma marasa gida: abin da manhaja ta ƙirƙira tana cikin aiki, ba shi da kwafi a ko'ina. In babu suwaf, wato wurin jingina a faifai, babu inda za a kai su. Sai an ƙwato an ƙwato abin ya gagara sannan a kira hauni, wanda suke kira OOM, ya duba cikin rukunin ya zaɓi wanda ya fi ƙiba.

Gani ya kori ji. A kan laftof ɗinka, ba a injin mutane ba, ka zama root, wato mai cikakken iko, ka yi wannan. Ka buɗe sabon folda a /sys/fs/cgroup ka sa masa suna gwaji. Da ka buɗe za ka ga fayiloli sun cika shi da kansu. In ba ka ga masu farawa da memory ba, ka rubuta +memory a cgroup.subtree_control na saman sa. Ka rubuta 100M a memory.max, ka rubuta 0 a memory.swap.max, ka jefa lambar furoses ta shel ɗinka, wato wurin da kake buga umarni, a cgroup.procs. A wata taga daban ka zuba wa memory.current ido. Yanzu ka sa cat ya karanta fayil mai giga guda ya zubar a /dev/null. Lambar za ta hau har ta dangana da mega 100 ta tsaya tana rawa a nan, giga guda ya wuce ta ƙofar mega ɗari ba a taɓa kowa ba. Ka buɗe memory.events: layin max ya ƙirga da yawa, oom_kill yana sifili.

In ka ga lambar ba ta motsa ba, kada ka ce na yi maka ƙarya. Wani ne ya riga ka karanta fayil ɗin, kuma dokar ita ce wanda ya fara taɓa shafi shi ake rubuta wa. Kamar fitilar tsakar gida da aka ja daga mitar ɗaki ɗaya, kowa na ganin haske, mutum ɗaya na biya. Ka rubuta 1 a /proc/sys/vm/drop_caches ka sake.

Sai gwaji na biyu. Ka sa dd ya rubuta mega 200 a cikin /dev/shm. Wannan karon za a yi yanka, watakila ma har da shel ɗin naka. Abin lura yana bayan yankan: ka duba memory.current daga ɗaya tagar, bai sauka ba. An kashe mai rubutu, rubutun yana nan daram, don abin da ke /dev/shm kamannin fayil gare shi kawai, ba shi da gida a faifai. Sai ka goge shi da hannunka lissafin zai faɗo.

Ɓarawonka ke nan. A memory.stat na kwantenarka layin anon, na shafukan da manhaja ta ƙirƙira tana cikin aiki, bai kai mega 90 ba. Layin file ya haura 400, wanda mai gaggawa zai gani ya ce ai wannan ana iya zubarwa. Ƙasa kaɗan akwai layin shmem, na irin abin da ke /dev/shm, kusan duk 400 ɗin a nan suke, don file yana haɗawa da shi a lissafinsa. Wanda ya tsara kwantenar ya ɗora /tmp a kan tmpfs, wato ajiyar fayil a memori irin ta /dev/shm, don sauri, manhajar kuma tana buga rasit ta ajiye a can ba ta gogewa. Kwana biyu ya cika, a yanka, kwantenar ta tashi da /tmp fanko, a sake lale. Gyaransa layi uku ne a manhaja, kanel ko kallonsa ba za mu yi ba.

Batun facinka kuwa, ban raina shi ba, tambaya ce da manya suka yi shekaru suna ja a kanta. Matsalar aro ita ce karɓowa. In kanel ya ara wa kwantenarka giga 4 ta cika su da shafuka marasa gida, can da rana rumbun bayanai ya zo neman haƙƙinsa, me za a ba shi? A lokacin ba haunin ɗaki ɗaya za a kira ba, na gidan gaba ɗaya ne zai fito, shi kuma mai ƙiba yake nema, mai ƙiba a injinmu kuwa rumbun bayanan ne. Ka ceci mai buga rasit ka kashe mai ajiye kuɗi.

Kuma abin da ya yi kusa da nufinka yana nan tuni. A tsari na biyu na cgroup, wanda Tejun Heo ya jagoranta aka tabbatar da shi a kanel 4.5 a 2016, akwai memory.high. In rukuni ya haura shi ba a kiran hauni, sai dai a tilasta masa ƙwato da kansa, a kuma riƙa jinkirta shi. Akwai memory.low da memory.min, su kuma kariya ce daga ƙasa, kada a ƙwace wa mai muhimmanci nasa in gari ya yi zafi. Amma kada ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Na taɓa sa wa manhajar rajistar wata makaranta memory.high ba tare da suwaf ba, ina ganin na yi dabara. Ranar rufe rajista manhajar ta haura iyakar, babu abin ƙwatowa, kanel ya yi ta danne ta. Ba ta mutu ba balle ta tashi sabuwa, ba ta kuma amsa kowa. Ɗalibai sun yi layi a kafe tun daga Kawo har Barnawa shafi yana ta juyawa, ni kuma allona yana nuna mini komai kore ne, tun da furoses ɗin yana raye. Da an yanka ta, cikin daƙiƙa goma ta dawo. Tun ranar ba na sa memory.high sai ina kallon memory.pressure, ma'aunin da Johannes Weiner ya kawo a kanel 4.20 a 2018. Shi ba ya gaya maka nawa aka ci. Yana gaya maka kashi nawa cikin ɗari na lokaci aka ɓata ana jiran memori, a daƙiƙa 10 da 60 da 300 da suka wuce. A wurina ya fi memory.current amfani nesa ba kusa ba.

In da gaske kana son shiga wannan aiki, wuyarsa duk a wuri ɗaya take: a sunan wa za a rubuta. A tsarin farko, lissafin memori da na faifai kowanne da bishiyarsa, shi ya sa in an zo mayar da rubutu zuwa faifai ba a san na wane rukuni ba ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka haɗe su bishiya ɗaya. Shi kansa kanel yana cin memori a madadin furoses, ƙananan abubuwa irin bayanin sunayen fayil da ma'ajin soket, su ma dole a rubuta su. Da can kowane rukuni sai an ware masa nasa shafukan na waɗannan ƙananan abubuwa, kamar a ce kowane ɗan haya sai ya sayi kiret guda don ƙwai uku. Roman Gushchin ya sake ginin a kanel 5.9 a 2020, aka koma lissafin ƙwai ɗaya-ɗaya a kiret na tarayya. Ga kuma rukunan da aka goge amma suka ƙi tafiya, saboda akwai sauran shafi a sunansu: ɗan haya ya tashi, sunansa na nan a littafi. Ka leƙa nr_dying_descendants a cgroup.stat na injinmu, za ka ga gawawwakin da muke ɗauke da su. Duk wannan kuma dole a yi shi ba tare da rage gudu ba, don hanyar da ake bi a rubuta shafi ana bin ta ba adadi a kowace daƙiƙa. Shi ya sa kanel yake ɗebo lissafin a dunƙule ya ajiye wa kowane furosesa, wato CPU, guzuri, maimakon ya buɗe babban littafi a kan kowane shafi.

Ka fara da karanta cgroup-v2.rst da ke Documentation/admin-guide, daga farko har ƙarshe, sau biyu. Sannan mm/memcontrol.c. Kada ka ce za ka haɗiye shi duka, ka nemi try_charge ka bi shi da fensir, za ka ga labarin da na ba ka yanzu a rubuce: a gwada, a ƙwato, a sake gwadawa, a kira hauni. Gwaje-gwajen da ke tools/testing/selftests/cgroup ka harhaɗa su ka gudanar, ka lalata wani abu da gangan ka ga wanne zai kama ka. Duk kanel ɗin da ka taɓa, a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon inji, za ka tayar da shi. Facinka na farko kada ya wuce abin da za ka iya kare kowane layinsa, ka bi shi da scripts/checkpatch.pl, ka kawo mini na karanta kafin wani a waje ya gani.

Gobe ka riga ni zuwa ka gyara goge rasit ɗin, ka bar iyakar a 512 yadda take. Ka cika cajin laftof daga gida, harhaɗa kanel yana shan batir, kuma ban ga alamar za a kawo wuta kafin azahar ba.