Rina ce ko zanzaro? Amsoshin tambayoyinku kan masu farautar ƙudan zuma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da amya takwas a bayan gida. Na ga bidiyon wata ƙatuwar rina tana yanka ƙudan zuma a Amurka, ga shi kuma wasu sun yi gida a ƙarƙashin rufin barandata. Su ne? In fesa musu fiya-fiya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Wadda ka gani a bidiyo 'yar gabashin Asiya ce, sarauniyarta kan kai santimita 5. An gan ta a jihar Washinton a 2019, kuma a Disambar 2024 hukumomin Amurka suka sanar cewa an kawar da ita. Ita da danginta ba su da zama a Afirka ta Yamma.

Kafin ka dubi ƙwaron, dubi gidansa. In na laka ne manne da bango, zanzaro ne, mai siririn ƙugun nan da ya sa ake cewa ɗan makaranta ya yi zanzaro. Shi kaɗai yake aikinsa, yana sumar da gizo-gizo ko tsutsa ya cusa wa 'ya'yansa a ɗakin lakar. Ba ruwansa da amya, kuma da wuya ya yi harbi. In kuwa gidan launin toka ne kamar takarda, rataye da ɗan tsinke guda, ramukansa a buɗe suna kallon ƙasa, to rinarmu ce ta gida. Harbinta da zafi, amma tsutsotsin gona take ciyar da 'ya'yanta da su, don haka in ba a mashigar mutane take ba, mu dai shawararmu a bar ta. Manyan rinonin da ke kashe amya sukan lulluɓe saƙarsu hawa-hawa cikin bawo kamar tulu mai ƙofa ɗaya, ko su ɓoye ta a rami.

Fiya-fiya kam a'a. Iska za ta kai shi amya, ya kashe ƙudan da kake son karewa, ga illa ga yaran gida. In cire gidan ya zama dole, ka bari sai da asuba lokacin da duk suna kansa kuma jikinsu bai saki ba. Sa kayan ɗiban zuma, ka haɗa sabulun ruwa cokali huɗu a lita ɗaya ta ruwa, ka jiƙa su sharkaf da mafeshi. Sabulun yana toshe musu kafofin numfashi. Sannan ka kankare tsinken tun daga tushe. Kada ka sa wuta a ƙarƙashin rufi, kada kuma ka yi aikin a kan tsani.

Akwai wadda ta fi cancantar ka sa wa ido: wata ƙaramar rina mai rawayan ciki, kimanin santimita ɗaya da rabi, da ke haƙa rami a yashi. Tana cafke ƙudan zuma a kan fure, ta sumar da shi, ta rungume shi zuwa raminta. In ka ga ƙananan ramuka da yawa a rairayi kusa da amya, ka riƙa jiƙa wurin ko ka rufe shi da ciyawa.

Tambaya: Ina aiki a wata gonar zuma a Masar. Wata jar rina da suke kira dabbur ta hana ƙudanmu fita. Mene ne mafita?

Amsa: Wannan kam abokiyar gaba ce ta gaske. Ja ce mai duhu, da rawayan ɗamara a ciki da rawayan tabo a goshi, tsawonta santimita 2.5 zuwa 3.5. Tana gida a ƙasa ko a tsagar bango, kuma ɓarnarta ta fi tsanani daga Agusta zuwa Nuwamba. Kada a rikita ta da wadda ta shiga Faransa a 2004 ta kai Ingila a 2016, domin waccan baƙa ce mai rawayan ƙafa.

Tana shawagi a bakin amya, ta kama mai dawowa daga kiwo, ta yanke kai da fukafukai da ciki, ta tafi wa 'ya'yanta da ƙirjin, inda naman yake. Amma abin da ke kashe amya ya wuce waɗanda aka kama. Tsoro ne ke sa sauran su daina fita, abinci ya yanke, sarauniya ta rage ƙwai, amyar ta raunana har rinar ta kutsa ciki ta kwashe tsutsa da zuma. Shi ya sa tarko kaɗai ba ya isa.

Ka fara da ƙofa. Rage tsayinta zuwa milimita 5.5, ma'aikaciyar zuma za ta wuce, rina ba za ta iya ba. Sai dai mazan ƙuda ma na iya kasa wucewa, kuma ka bar kafar iska mai raga saboda zafi. Ka ciyar da su daga ciki da ruwan sukari, kilo biyu a lita ɗaya. Zuba shi a fili gayyatar rina ce. Amya biyu masu rauni gara a haɗe su wuri ɗaya.

A tarko ka sa kifi ko nama, domin ba sa jan ƙudan zuma, ka ajiye shi 'yan mitoci daga amya, kana sauya naman kafin ya ruɓe. Aikin da ya fi riba shi ne na Maris zuwa Mayu, lokacin da sarauniyoyin rina ke fitowa su kaɗai, don kowace ka kashe gida guda ka hana kafuwa. In ka gano gida a bango, kada ka toshe ƙofarsa, za su iya ɓullowa ta cikin ɗaki. Kira masu aikin feshi.

Rina tana harbi sau da yawa, ba kamar ƙudan zuma ba. A wanke wurin a ɗora ƙanƙara. Wanda fuskarsa ko harshensa ya kumbura, numfashi ya yi masa wuya ko jiri ya kama shi, ko aka harbe shi da yawa a lokaci guda, a garzaya da shi asibiti nan take.