Tambayi Likita: Me ya sa yake ƙwanƙwasa cikin Inna maimakon ya tura mu hoto?

Assalamu alaikum Likita. Na kai mahaifiyata wani asibiti a nan Jos, cikinta ya kumbura, ƙafafunta ma haka. Likitan ya ja fatar idonta ya leƙa, ya kalli tafin hannunta, ya yi ta ƙwanƙwasa cikinta, ya juya ta gefe ya sake. Daga nan ya rubuta gwajin jini da na fitsari, ya ce hoto sai daga baya, alhali da kuɗinmu muka je. Anya ya san aikinsa kuwa?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Yadda kika bayyana shi, wannan likitan ya san abin da yake yi. Ni wanda ke ba ni tsoro shi ne wanda zai rubuta hoto tun majinyaci bai gama zama ba.

Idon da ya leƙa, abu biyu yake nema. In cikin fatar idon ya yi fari fat, akwai ƙarancin jini. In farin idon ya koma rawaya, shawara ce, hankali sai ya koma kan hanta. A Jos mun fi yarda da ido da harshe a kan tafin hannu, don sanyin hunturu kaɗai kan sa hannun mai lafiya ya koɗe.

Ƙwanƙwasar kuwa ta girme mu duka. Wani likitan Ostiriya, Leopold Auenbrugger, shi ya fara rubuta ta a 1761, tun kafin René Laennec na Faransa ya ƙirƙiro na'urar sauraren ƙirji a 1816. Kin ga yadda ake buga duro a ji inda ruwa ya tsaya? To haka ne. Hanji mai iska yana ba da amo, ruwa kuma sautinsa a toshe yake. In mutum ya kwanta rigingine, ruwan kan kwaranya gefe da gefe, hanji ya taso sama. Da aka juya Inna, in wurin da ɗazu yake a toshe ya koma yana amo, ruwa ne yake yawo a cikin, ba teɓa ba ce, ba kuma iska ba. Na tabbata ya danna ƙwaurinta da babban yatsa ya ga ko zai lotsa, ya kuma dubi jijiyoyin wuyanta, ko da ke ba ki lura ba.

Sanin akwai ruwa abu ne mai sauƙi. Daga ina ya fito, nan ne aikin. Yawanci hanta ce, ko zuciya, ko ƙoda, wani lokaci tarin fuka na ciki, a mata masu shekaru kuma mukan duba ƙwan mahaifa. Jijiyoyin wuya da suka cika suna nuna zuciya. Fitsari mai yawan furotin yana nuna ƙoda. Jini shi zai faɗi halin hanta, musamman ciwon hanta nau'in B da ya yi mana yawa a ƙasar nan. Hoto zai zo, kada ki kashe kuɗin, amma sakamakon nan ne zai ce na ciki za a yi ko na zuciya.

Kafin ku koma, a rage mata gishiri da dunƙule. A ajiye jiƙe-jiƙe, komai dagewar 'yan dubiya, haka ma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, don suna wahalar da ƙoda. In ta yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ta fara ruɗewa da yawan barci, ko numfashi ya gagare ta a kwance, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.