Girman shaida da yawan tambayoyi ba ɗaya ba ne

Ka tambaya ko girman shaida (wato mafi ƙarancin abin da za a nuna don tabbatar da amsa) daidai yake da yawan tambayoyin da kwamfuta ke bukata kafin ta gano amsar da kanta. A'a. Ɗauki fitilu 100, layi 10, kowane layi da fitila 10. Tambayar: akwai layin da duka fitilunsa ke kunne? In akwai, nuna layin kawai, fitila 10. In babu, nuna matacciya ɗaya daga kowane layi, 10 ma. Amma wanda ke lalube bai san amsar ba, duba kowace fitila tambaya ɗaya ce a gare shi, kuma in abin ya ƙi masa sai ya duba duka 100.

Abin da ya fi burge ni shi ne tazarar tana da iyaka: yawan tambayoyi ba ya wuce girman shaidar "e" sau girman shaidar "a'a". A nan 10 sau 10, wato 100 cif.