Sauti ya ɗauke, sai an sake zuba Windows?

Malam, ka ce kwamfutarka ta yi gum tun da ta sabunta kanta, har an ba ka shawarar ka goge komai. Dakata tukuna, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Fara soka iyafis. In ka ji sauti, wataƙila sifika ce ta mutu, ko ƙurar hunturun Katsina ta cike ramin da ake soka iyafis ɗin. Sannan danna alamar sifika kusa da agogo, ka duba inda sautin ke zuwa. Ni na taɓa kwana biyu ina fama, ashe talabijin ɗin falo yake tafiya ta wayar HDMI.

In ba nan ba ne, buɗe Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta, nemo direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa shi, galibi Realtek, ka zaɓi Roll Back Driver don komawa tsohon direban. In ya ƙi, cire shi ka sake kunna kwamfutar, da kansa zai dawo.

Sake zuba Windows shi ne na ƙarshe. Kana buƙatar filas mai 8GB aƙalla, kuma shi ma za a share shi. Kwashe hotuna da takardunka tukuna, batir ya cika saboda wutar nan tamu. In an zuba har yanzu shiru, wataƙila matsalar a allon ciki take, sai mai gyara.